Jambo Da Giwar Kamuku: Tarihin Kalmomin Girma

Duk wanda ya saba karatun littattafanmu na zamani ya san yadda labarin gidan masu kuɗi ke farawa. Mota ta tsaya a ƙofar wani tangamemen gida, maigadi ya wangale makeken get, sai ga wani hamshaƙin attajiri ya fito cikin dakakkiyar shadda. Kafin mai karatu ya juya shafin farko an jera masa kalmomin girma uku, in kuma ya ɗauki littafi na gaba, na wani marubucin daban, su ɗin dai zai sake tararwa a zaune suna jiransa. Haka abin yake a tallar finafinai ta rediyo, kowane fim gagarumi ne, kowane kamfani katafare ne, ko da kuwa ofishinsa shago ɗaya ne da benci.

To a cikin kalmomin da Bahaushe ke auna girma da su akwai wata baƙuwa da ta shigo mana ta filin jirgin sama. Alhazai sun fi kowa saninta. Ita ce jambo, wadda Turawa ke rubutawa jumbo. In ka tambayi tsohon alhaji wane jirgi ne ya kai su, ya ce maka jambo ne, to ya gama bayani, ka san ba ƙaramin abu ya shiga ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan kalma sunan wani toron giwa ne ɗan Afirka, kuma in aka bi sawunta sai ta dawo da mu gida, har cikin dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, inda namu giwayen suka yi zamaninsu.

Toron Giwa A Landan

Wajejen 1860 aka haifi Jambo a dazukan gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Mafarauta suka kashe uwarsa, suka kama shi yana ɗan maraya, aka yi ta cinikinsa daga wannan hannu zuwa wancan har ya ƙare a gidan namun daji na birnin Paris. A 1865 aka mayar da shi gidan namun daji na Landan, a rame, da ciwo a jiki. Wani ma'aikaci mai suna Matthew Scott shi ya yi jinyarsa, kuma tun daga nan har mutuwa ba wanda Jambo ke jin maganarsa sai shi.

A lokacin Turawan Ingila sun saba ganin giwar Indiya, mai ƙananan kunnuwa da sauƙin horo, irin wadda masu kallon finafinan Indiya suka sani a Haathi Mere Saathi na Rajesh Khanna, wanda ya fito a 1971. Giwar Afirka kuwa, mai faka-fakan kunnuwa kamar faifai, baƙuwa ce gare su. Jambo ya yi ta girma har tsayinsa a kafaɗa ya haura mita 3, nauyinsa ya wuce tan 6. Shekara goma sha shida da wani abu yana ɗaukar yaran Landan a gadon bayansa ana zagayawa da su, suna ba shi burodi mai zaƙi. Da rana ke nan. Da dare kuwa sai ya birkice, ya yi ta dukan bangon ɗakinsa har ya karya haurensa. Shugaban gidan, Abraham Bartlett, ya ji tsoron kada wata rana ya yi wannan haukan da yara a bayansa.

Shi ya sa a 1882, da wani ɗan Amurka mai wasan nuna dabbobi da abubuwan al'ajabi, P. T. Barnum, ya taya shi fam 2,000, wato dala 10,000 a lokacin, sai aka sallama. Ingila ta ɗauki zafi. Jaridu suka yi ca, yara 'yan makaranta suka yi ta rubuta wa Sarauniya Victoria wasiƙa, har kotu aka je don a hana cinikin, ba a yi nasara ba. Shi kansa Jambo ya kwanta a ƙasa ya ƙi shiga akwatin da za a ɗauke shi a ciki, aka yi makonni ana fama, sai da aka yarda Scott zai bi shi sannan aka samu kansa. Barnum kuwa wannan rigima daɗi ta yi masa, domin talla ce kyauta. Mutum ne da ya san cewa jama'a ba abu suke saye ba, labarin abu suke saye. (Masu kallon finafinan Amurka sun ga wani gyararren tarihinsa a The Greatest Showman na 2017, inda aka wanke shi tas.) Da Jambo ya sauka a Niyok a watan Afrilu na 1882, sai Barnum ya cika gari da hotunansa an zana shi ya fi gidaje tsayi, ya ƙara masa kusan mita guda a kan tsayinsa na gaskiya, cikin 'yan makonni ya mayar da kuɗinsa.

A watan Mayu na 1884 aka bi da Jambo cikin ayarin giwaye 21 ta kan gadar Brooklyn. Shekara guda kafin nan, kwanaki kaɗan da buɗe gadar, jita-jitar cewa za ta rufta ta jawo turmutsutsin da ya kashe mutum 12, don haka ganin giwaye sun haye lafiya ya kwantar wa mutane da hankali, Barnum kuma ya sake cin talla.

Ƙarshensa bai yi kyau ba. Ranar 15 ga Satumba, 1885, a garin St. Thomas na ƙasar Kanada, an tashi daga wasa da dare ana komawa da shi taragonsa ta kan layin dogo, sai jirgin ƙasa na kaya ya buge shi. Ya mutu yana ɗan shekara 24 ko kusa da haka, wato ko rabin shekarun da giwa ke yi bai kai ba. Barnum bai bar gawar ta huta ba. Ya sa aka feɗe fatar aka cusa mata kaya, aka ɗaure ƙasusuwan, ya ci gaba da yawo da su ana biya ana kallo. Ƙasusuwan suna gidan tarihin halittu na Niyok. Fatar kuwa Jami'ar Tufts ya ba, ta ƙone a gobarar 1975, aka kwashi tokar aka zuba a kwalbar tunkuzar gyaɗa. Da masana suka sake duba ƙasusuwan don wani shirin talabijin na David Attenborough a 2017, sai suka ga haƙoransa sun lalace saboda abinci mai laushi da zaƙi, gaɓoɓinsa kuma sun tsufa kamar na giwa mai ninkin shekarunsa. Wato akwai alamar haukan daren nan ciwon haƙori ne, wanda Scott ke lallashinsa da barasa.

Yadda Suna Ya Zama Sifa

Kalmar ta girmi giwan. Tun farkon ƙarni na 19 ana jin ta a bakin 'yan tasha na Ingila da ma'anar ƙaton mutum marar fasali, wasu masanan kuma suna danganta sunan da gaisuwar Suwahili, jambo, ko jumbe, wato sarki. Amma tallar Barnum ce ta ɗauke ta daga lungu ta kai ta kasuwa. Kafin a jima 'yan kasuwar Amurka sun fara liƙa sunan a jikin duk hajar da suke so a ce ta fi ta maƙwabci girma: sigari, gyaɗa, sabulu, kwalin abinci. Sunan yanka ya zama sunan kowace giwa a bakin yara, daga nan ya zama sifa. Da kamfanin Disney ya yi fim ɗin Dumbo a 1941, sunan da uwar ɗan giwan ta raɗa masa Jambo Ƙarami ne, sauran giwaye ne suka juya shi don tsokana.

A nahawun Ingilishi kalmar tana da ɗabi'u da ya kamata ɗalibi ya lura da su. Gaban suna take zama, a manne da shi, kamar lakabin da ke jikin kwali. Ba ta da jam'i, ba ta da namiji ko mace, kuma ba a yi mata ƙarin nan da Turawa ke yi wa sifa in za su ce wannan ya fi wancan. Dalili kuwa a fili yake, aikinta ta ce wannan shi ne mafi girma a jerin irinsa. Sannan ba ta da nauyi. Bature ba zai kira babban malami da ita ba, ba zai siffanta baƙin ciki ko yaƙi ko daji da ita ba, sai dai in zolaya yake. Kalmar talla ce, warin kasuwa bai taɓa barin jikinta ba.

Abin da ya kawo mana ita shi ne jirgin Boeing 747, wanda ya fara tashi ranar 9 ga Fabrairu, 1969, kamfanin Pan Am kuma ya fara jigilar fasinja da shi tsakanin Niyok da Landan a watan Janairu na 1970. Ya ninka jiragen da suka gabace shi wajen ɗaukar mutane, ga shi da wani tozo a ka, sai 'yan jarida suka laƙaba masa jambo. A nan Arewa aikin Hajji ne ya sa muka san shi, musamman da kamfanin Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda aka kafa a Kano a 1980, ya mallaki irinsa, daga baya kuma Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ya biyo. Jirgi ɗaya ya kwashi alhazai 400 zuwa 500 a sawu guda, ai dole ƙauye ya ji labari. An daina ƙera shi, na ƙarshe an miƙa shi ga wanda ya saya a watan Janairu na 2023, bayan an ƙera guda 1,574.

Sai dai Bahaushe bai karɓi kalmar a matsayin sifa ba, ya mayar da ita suna. Muna cewa jambo ya sauka, jambo ya tashi. Ba mu taɓa yi mata mace ba, ba wanda ya ce jambuwa, ba mu kuma yi mata jam'i ba. Baƙuwar da ba a ba ta ɗaki a cikin gida ba ke nan, tana zaure har yau.

Jaridun Ingilishi na Nijeriya kuwa wani aiki suka ba ta. Tun ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya da bashin watanni a 1975 zamanin Janar Gowon, 'yan ƙasar nan suka san abin da ake nufi da kuɗi su zo wa ma'aikaci a dunƙule. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 sai kalmar jambo ta manne wa albashi da alawus na 'yan majalisar tarayya. A watan Maris na 2018 Sanata Shehu Sani ya fito ya ce kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata da sunan kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi. Mazaɓar da yake wakilta a lokacin, Kaduna ta Tsakiya, ita ce ta ƙunshi Birnin Gwari da maƙwabciyarta, ƙaramar hukumar da sunanta ma Giwa.

Mu Da Namu

Abin da Barnum ya yi da kuɗi da fasta, Hausawa sun daɗe da yin sa da baki. Giwa ita ce ma'aunin girma a wurinmu. Giwar mata, toron giwa, Giwar Afirka. Sawun giwa ya take na raƙumi. Giwa a garin wani zomo ce. A tatsuniya Gizo bai samu waɗanda zai haɗa jan igiya ba sai giwa da dorina, domin su ne ƙarshen ƙarfi a tudu da ruwa. Abin sha'awa, kalmar giwa tamace ce a nahawu, amma maroƙi zai kalli sarki da rawaninsa ya kira shi giwa, ba wanda zai ga an rage shi. Ga bambanci ɗaya da jambo: tamu tana ɗauke da kwarjini, tasu tana ɗauke da farashi.

Amma dukiyarmu ta gaskiya ba a aron sunan dabba take ba. Lokacin da Rabaran G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa a 1934, bayan shekaru yana yawo ƙasar Hausa yana tattara kalmomi daga bakin mutane, da ya zo kan kalmar ƙato sai ya jero ɗaruruwan kalmomi masu ma'anar girma. A wannan shekarar ce kuma aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka haifa a 1911 a Kagara, cikin ƙasar Kamukawa. Duk wanda ya karanta Imam ya san mutum ne da ba ya kiran abu babba ya wuce, sai ya nuna maka wane irin babba.

Domin kuwa a Hausa girma iri-iri ne. Makeke na faɗi ne, shi ya sa ake cewa makeken fili, makekiyar gona. Zungurere na tsawo ne a kwance, zungureriyar mota, zungureren layi. Sharɓeɓiya wuƙa ce ko takobi. Wawakeke rami ne ko baki, abin da ya buɗe yana jiran ya haɗiye ka. Ribɗeɗe da rusheshe da jibgege na nauyi ne da tsoka, gansameme na ƙaton namiji ne mai ƙashi, tangameme na gini ne. Santaleliya da zabgegiya kuwa, marubutan soyayya ba sa buƙatar a yi masu bayani. In ka ce sharɓeɓen gida ko tangamemiyar budurwa, ba ka karya dokar nahawu ba, amma duk mai kunne zai yi dariya.

Kuma suna tafiya bisa tsari. Namiji makeke, mace makekiya, jam'i maka-maka. Zungurere, zungureriya, zungura-zungura. Jibgege, jibgegiya, jibga-jibga. In sifar ta zo gaban suna sai ta ɗauki wutsiyar n ko r, makeken daji, makekiyar kuka, in ta zo bayansa sai ta tsaya haka nan, daji makeke. Da yawa daga cikinsu suna da ɗan'uwa a cikin aikatau: jibga da jibgege, tafka da tafkeke, zabga da zabgegiya, kamar dai girman wani aiki ne da aka yi wa abin da ƙarfi. Ko sautinsu ma nauyi gare shi, baki ke cika in ana faɗinsu. Gwada su da na ƙanƙanta, mitsitsi, siriri, 'yar firit, ka ji yadda baki ke tsukewa. Farfesa Paul Newman ya ware wa wannan rukuni bayani na musamman a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, a 2006 kuma Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Littattafan suna nan. Marubucin da ya tsaya a kan tangameme da hamshaƙi, shi ya so.

Shi kansa ƙato, uban gidan, ba yabo ne zalla ba. Ƙaton gida daidai ne, amma in uwa ta ce wa ɗanta ƙato da kai, faɗa ne. Ƙattin banza zagi ne. 'Yan ƙato da gora kuwa, ai mutanen Birnin Gwari sun fi mu sanin ranarsu.

Dajin Da Giwa Ta Bari

Kamukawa, waɗanda dajin ya ci sunansu, manoma ne da mafarauta masu harshensu na kansu, akasarinsu a yankunan Rafi da Mariga na Jihar Neja ta yau, da kuma ƙasar Birnin Gwari, inda suke zaune da Gwarawa da Hausawa da Fulani. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, daidai lokacin da Jambo ke ɗaukar yara a Landan, wannan yanki yana cikin tashin hankali. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora, ɗansa Ibrahim kuma ya yi suna wajen kai hare-haren kamun bayi a ƙasashen Gwari da Kamuku, har Turawa suka ci Kontagora a 1901. Mutane suka riƙa hawa kan duwatsu suna gina gidaje don tsira. Inda mutum ya janye kuwa, daji ke matsowa. A wannan zamanin ne kuma hauren giwa ke da daraja a duniya, fataken Hausa suna bin sa har Adamawa da gaba, ana fitar da shi ta Sahara da ta kogi, Turawa suna yin maɓallan fiyano da ƙwallon sunuka da shi. Kasuwar da ke kashe giwaye mata a bar 'ya'yansu marayu irin Jambo ita ce dai ke cin giwayen Afirka ta Yamma.

A 1936, shekara biyu bayan ƙamusun Bargery, aka shata dajin ya zama gandun daji na En'e ta Birnin Gwari. Ko kalmar gandu ma ta girma ce, babbar gonar gida ko ta sarki ita ce gandu. A watan Mayu na 1999, gab da sojoji su miƙa mulki, aka ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,120 ne da ɗoriya, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara, wanda giwaye ba su taɓa ɗauka wata iyaka ba. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa da taura da baushe. Jerin dabbobin da aka rubuta a cikinsa ya haɗa da giwa, gwanki, kanki, mazo, gada, mugun dawa, bika da jan biri, da tsuntsaye iri sama da 170, ciki har da burtu. Akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse da Tsaunin Rema. Wuri ne da in da ƙasa na zaune lafiya, da daraktocinmu sun daina ɗaukar fim ɗin farauta a bayan gari inda ake hango turakun lantarki.

Wace sifa ta dace da irin wannan daji? Ba makeke kaɗai ba, domin makeke fili ne da ido ke gani har ƙarshe. Kalmar da Bahaushe ya tanada ita ce ƙungurmi. Ƙungurmin daji shi ne wanda ba gari kusa, ba mai jin ihunka. Girma ne da ake aunawa da tsoro. A da tsoron na namun daji ne da aljanu, abin da 'yan tauri da mafarauta ke kirari da shi.

Daga farkon shekarun 2010 tsoron ya sake kama. Ɓarayin shanu suka mayar da Kamuku da Kuyambana maɓoya, har a 2015 gwamnonin Kaduna da Katsina da Zamfara da Neja da Kebbi da Sakkwato suka haɗa kuɗi aka tura sojoji, aka ƙwato dubban dabbobi. Abin ya lafa, ya dawo da ƙarfinsa, daga satar shanu ya koma satar mutane. A watan Maris na 2018, watan da ake cacar baki kan alawus ɗin sanatoci, aka kashe sojoji 11 a Kampanin Doka. A watan Mayu aka shiga ƙauyen Gwaska aka kashe mutum aƙalla 45. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, wadda a da ita ce hanyar Ikko, ta zama sai da rakiyar sojoji. Manoman Dogon Dawa da Kuyello da Randagi da Damari, waɗanda masararsu ke cika kasuwanni, suka koma biyan haraji kafin su shiga gonakinsu. Masu yawon buɗe ido kuwa tuni suka ɗauke ƙafa.

A nan ne wata kalmar girma ta samu sabon aiki. Duk wanda ke sauraron labaran Hausa ya haddace ta: ƙasurgumin ɗan bindiga. Da aka kashe Buharin Daji a watan Maris na 2018, ƙasurgumi aka kira shi, wanda ya kashe shi ma, Dogo Giɗe, ƙasurgumi ne, haka duk wanda ya biyo baya. Wani gidan rediyon ya ce gawurtacce, wani ya ce riƙaƙƙe, wani ma har shahararre yake cewa, kalmar da muke ba mawaƙa da jaruman fim. Mai fassarar labarai yana da uzuri, minti biyar gare shi kuma dole ya nuna cewa wannan ba ƙaramin ɓarawo ba ne. Amma a ganina akwai abin dubawa. Sifofin nan namu ba ma'auni ne kawai ba, rabinsu kirari ne. Gawurta abu ce da ake yi wa ɗan dambe da ɗan kokawa fata. Yaron da ke riƙe da bindiga a daji yana da rediyo da waya, yana jin wanda aka kira ƙasurgumi da wanda aka kira yaransa, ya san kuma abin da ake yi a hau daga wannan matakin zuwa wancan. Barnum ya ƙara wa Jambo mita guda don ya sayar da tikiti. Mu muna ƙara wa waɗannan tsayi kyauta, alhali in aka nuna hotonsu sau da yawa sai ka ga ɗan siririn mutum ne da rawani ya fi kansa girma. Harshen da ke da azzalumi da makashi da maƙetaci da mugu bai rasa abin da zai kira su da shi ba. Masu shirya finafinan 'yan daba da na daji su ma su duba, domin kyamarar da ke ɗaukar mugu daga ƙasa tana kallon sama, da kiɗa mai nauyi a bayansa, ƙasurgumi take cewa, ko da ba a furta ba.

Giwar kanta fa? Duniya ta haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, amma a watan Janairu na 2024 sai da gwamnatin Nijeriya ta niƙe tan 2.5 na hauren da aka kama, a Abuja. Da aka ƙaddamar da shirin ƙasa na kare giwaye a watan Agusta na wannan shekarar, ƙiyasin da aka bayar shi ne giwaye 300 zuwa 400 suka rage a duk faɗin Giwar Afirka, garke mafi girma a Arewa kuma yana Yankari ta Jihar Bauchi. Wato duka giwayen ƙasar nan ba su kai yawan alhazan da jambo ɗaya ke kwasa ba.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi wasu daga cikin 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, aka kuma sake buɗe kasuwar kara, wadda ta yi shekaru a rufe. Wasu sun yi murna, wasu da aka kashe masu 'yan'uwa suna tambayar ina hukunci, kuma duka biyun suna da hujja. Mai son jin kalmomin nan na Bargery a raye, ba a takarda ba, kara ce makarantarsa. Dillali ba ya cewa sa babba ne ya yi shiru. Akwai bijimi, akwai ƙosasshe, akwai rusheshe wanda kiwon gida ya narkar, akwai zanƙalele mai tsawon ƙafa da ba nama, wanda mahauci ke kallo sau ɗaya ya wuce, kuma kowanne da kuɗinsa.